Get da Ɗiban Wuta

Akwai wata 'yar kalmar Turanci da ta shigo gidan nan ba sallama, ta samu wuri ta miƙe ƙafa, har tana neman ta fi ni iko a tsakar gidan ubana. Get. Guntuwa ce kamar tari, amma daga asuba zuwa isha ita ce a bakin kowa. Wance ta get waya, wane ya get fili a Tafo, ɗan maƙwabta ya get biza, 'yar wance ta get miji. Ni ban taɓa zama a bencin boko ba, allo na riƙe, shi ma ban yi nisa ba. Ran nan da abin ya ishe ni, sai na kama jikata, 'yar babban ɗana, da ke kwana a ɗakina, na ce ta ajiye wayar nan ta fassara mini.

"Kaka, get shi ne ki samu abu," in ji ta. "In kin saya, kin get. In an ba ki, kin get. In kin je kin ɗauko, kin get."

"In na ara fa?"

"Shi ma."

"In na tsinta a kwata?"

"Kin get."

"To in na sata?"

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Kaka, ke kina da matsala paa, sosai ma. Abun dai ya zo hannun ki, shi ke nan."

Na dube ta. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, yadda aka koya mata ta faɗa. Amma a ranar na gane abin da ya sa kalmar take tsaya mini a maƙogwaro. Ba ta faɗin inda abu ya fito, ba ta faɗin hannun da ya miƙo shi. Kai ne kawai da abinka, ba ka ga fuskar kowa ba, ba ka gaida kowa ba. Mu kuwa da muka tashi, kowane abu yana da ƙofar da yake shigowa. Goro saro shi ake yi, ruwa tara ake yi a famfo bayan an sha layi an sha faɗa, mata nema ake yi da manya a gaba, gishiri in ya yanke ana tsakiyar girki sai a leƙa a ce a sam mini. Wuta kuwa ɗibarta ake yi. A kan wutar nan ne ma ni da babban ɗana muka sa zare.

Ɗan nawa kayan mota yake sayarwa, Allah kuwa ya buɗa masa. Ya gina gida a unguwar Buokrom, katanga ta fi tsayin mutum, ƙofar ƙarfe, tayil har banɗaki. Ya keɓe mini ɗaki da fanka da murhun gas, ya ce hayaƙin gawayi ne ke sa ni tari, ya ce Zongo ya yi mini cunkoso, in tattara in koma wurinsa. Na ce masa ba inda za ni. Shi yana ganin taurin kan tsufa ne. Taurin kai kam akwai shi, ban musa ba, a nono na sha. Amma ƙarƙashinsa akwai wani abu da ya girmi ɗan nawa, kuma ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba, don uwata ma ba ta zaunar da ni ba.

Gidan nan ubana ya gina shi. Yana saurayi ya taho daga Nijar da ƙafa yana bin shanu, ya zauna a Kumasi, ya shiga harkar goro, ya tara abin da ya tara ya zuba ɗakuna kewaye da tsakar gida. Mu muna ɓangare ɗaya, sauran ɗakunan 'yan haya: Moshi, Dagomba, Zabarmawa, Fulani, kowa da irin Hausarsa, wani ya mai da mace namiji, wani ya mai da namiji mace, kuma duk muna gane juna. Ba agogo ke ta da mu ba. Ladan ne, da muryar da Allah ya ba shi, ba lasifika. Sai ƙarar buta a kan siminti, sai tarin tsofaffi, sai tsintsiya. In damina ce, ruwa na dukan kwano har ba ka jin maganar wanda ke gefenka, mata na rige-rigen jera bokitai a bakin indararo. Kafin gari ya waye sosai turmi ya fara amsawa daga wannan gida zuwa wancan, kuma mu yara muna gane dakan kowace mace ba tare da mun gan ta ba. Ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi yana nan a zaure rani da damina, ya kama tabarmi, ya kama rigar ubana. Har yau in na wuce inda ake ɗaure huhun goro sai na rage tafiya.

Aikina na farko kowace safiya shi ne ɗiban wuta. Kada wani ya ɗauka babu ashana a lokacin. Tana nan a kanti, amma wace mace ce mai hankali za ta ƙyasta ashana alhali maƙwabciyarta na da garwashi? Sai uwata, da muke kira Mma, ta miƙo mini tsingaron fasasshiyar tukunya da 'yar toka a ciki, in bi lungu in shiga gidan da ke bayan namu. Can wata tsohuwa take, mutuniyar Moshi, mai sayar da koko. Yaba muke kiranta, wato kaka da yarensu. Wutarta ba ta mutuwa. In ta gama aikin yini sai ta binne garwashi a cikin toka, da asuba ta tono shi ja wur. Rabin lungunmu daga murhunta yake kunna nasa.

Abin yana da dokokinsa, ko da yake ba wanda ya taɓa jera mana su. Ba a sayen wuta. Ba a hana ta, ko da kuna gaba, ko da jiya kun yi zage-zage a famfo. Ba a kai wa mutum ita har ɗaki, mai so shi ke takowa. In ka zo ka yi sallama, ka durƙusa, ka gaida mai murhu da kwana. Kuma ba a zama, don garwashi ba ya jira. Shi ya sa har gobe in baƙo ya ƙi shan ruwa ake ce masa, kai kuwa kamar ka zo ɗiban wuta? To amma Yaba ba ta da gaggawa. Sai ta ɗauki ƙaton cokalinta tana juya garwashi, wannan bai yi ba, wancan ya yi ƙanƙanta, tana yi tana tambaya: "Uwan ka ya tashi lafiya? Kanin ka ya daina zawo? Yau mi za ku dafa?" Mu kuwa bakin yaro ba linzami, sai mu zazzage mata komai. Kafin rana ta ɗaga ta san gidan da zazzaɓi ya kwana, ta san matar da naƙuda ta fara taɓawa, ta san wadda mijinta ya fita da fushi. Da hantsi sai ka ga an aika wa wannan saiwa, an leƙa waccan, an tura dattijo wurin wancan. A lokacin ni ina ganin surutu ne kawai irin na tsofaffi, har haushinta nake ji in garwashi ya fara ƙona mini yatsa.

Sai shekarar nan ta zo, wadda duk ɗan Zongo da ya kai shekaruna ya san ta ba sai an faɗa ba. Rediyo ya ce baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya koma inda ya fito. Ubana ya sa babbar rigarsa ya tafi ofis, ya wuni a layi, ya dawo da la'asar ya zauna a zaure bai cire hula ba. Mma ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Sun ce in je in get takarda." Ranar na fara jin kalmar, daga bakin ubana, kuma bai iya faɗinta daidai ba ma. Ya ce ya tambaye su a ina, wurin wa, sai suka sake maimaita masa ita suka kira na bayansa. Mutumin da ya zauna a garin nan tun ba a haifi mai teburin ba. Bayan 'yan kwanaki ya hau lori da ƙannensa, da tabarma da buta, ya ce in ƙura ta lafa zai dawo. Mma ta ce ita a Kumasi aka binne cibiyarta, ba lorin da za ta hau. Yaba ma da aka ce mata ta shirya, cewa ta yi, "Ni tsoho ne. Su zo su dauke ni da tukunya na." Ba wanda ya zo.

Gidanmu ya zama kango. 'Yan haya sun watse, ƙofofi a buɗe iska na buga su, kaji na kwana a ɗakin da jiya mutane ke ciki. Mma ta fara fitar da kwanukan aurenta ɗaya bayan ɗaya, sannan zannuwa, sannan 'yan kunne, kuma kowa a lokacin sayarwa yake yi, ba mai saye. Uwata mace ce mai kunya da girman kai, irin waɗanda za su gwammace a tarar da gawarsu da a ji bakinsu ya ce a taimaka. Wata safiya na ɗauki tsingarona zan fita, ta ce, "Ajiye." Na ajiye. Washegari ma haka. Muka jiƙa garin rogo muka sha, muka jiƙa ƙanzo, daga nan sai ruwa. Ta hana mu fita lungu don kada a ga fuskarmu. Ƙanina ƙarami ya yi kuka har ya gaji ya daina, ya kwanta yana kallon rufi. Na ji yunwa a rayuwata bayan wannan, amma ban sake jin tsoro irin na shirun yaron nan ba.

Ana yayyafi da safe muka ji sallama a tsakar gida. Na leƙa. Yaba ce tsaye, zanenta a jiƙe, da tsingaro a hannunta.

"Salamu alaikum, masu gida. Wuta na ya mutu. Na zo diban wuta."

Tun da aka kafa lungun nan ba wanda ya taɓa jin wannan magana daga bakinta. Mma ta gyara ɗaurin zane ta fito da fara'ar da ban san inda ta samo ta ba, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Yaba, yau mun makara, ba mu hura ba tukuna."

Yaba ta dubi murhunmu. Toka ta daskare, ga sawun kaji a kai, ga tukunya a kife ta bushe ƙayau. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ta juyo ta ce, "To, ni da kai duka ba wuta. Kicin na shina yoyo, ruwa ya kashe komi, mutane kuma suna jiran koko. Ka ba ni aron murhu."

Da ta ce ga abinci na kawo muku, wallahi Mma za ta ce mun ƙoshi. Amma roƙo ta zo yi, kuma tsohuwa ce, a jiƙe, a tsakar gidanka. Ta ina za ka hana? Mma ta ce bismilla. Yaba ta ce in ruga gidanta in fara kwaso itace da gasara. Na ruga. Da na shiga kicin ɗin sai na tsaya cik. Ƙasa a bushe, itace a bushe, na ɗaga kai rufi lafiya lau, ko ɗigo babu. Murhun kaɗai ne a jiƙe sharkaf, toka ta zama taɓo, ga bokiti a gefe an karkata shi. Da hannunta ta kashe wutar da ta fi ni shekaru. Ina yarinya, amma na gane, na tsaya a wurin na yi kukana, na share fuska, na ɗauki itace.

A murhunmu ta ƙyasta ashana, wadda ta kwance daga bakin zane, kuma shi ne ganina na farko da ita da ashana. Da kokon ya yi, kafin ta sallami kowa, ta cika babbar ƙwarya ta tura gaban Mma. Mma ta buɗe baki, Yaba ta riga ta: "A garin mu, mai murhu shi ne shina fara sha. In bai sha ba kasuwa ba ya kyau. Kana so ka bata mini kasuwa?" Na girma na zauna da Moshi iri-iri, na tambaya, ban samu wanda ya san wannan al'ada ba. A tsakar gidanmu aka haife ta a safiyar nan. Mma ta ɗauki ludayi ta fara ba ƙanina.

Masu sayen koko suka dawo ƙofarmu, yaran lungu suka dawo ɗiban wuta a murhunmu. Bayan kwanaki Yaba ta fara ƙorafin cewa koko ba ƙosai ba ya tafiya, ita kuma bayanta ba ya son durƙuso, ko Mma za ta taimaka mata da suya? Ta kawo wake, ta kawo mai. Rani ya shigo, ruwa ya ɗauke, sama ta yi fes, Yaba na nan a murhunmu. Wata rana Mma ta ce a hankali, "Yaba, rufin naki har yanzu?" Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Mai daki shi ya san inda shina yoyo." Sai da ƙosan Mma ya yi suna, har daga wasu unguwanni ake aiko yara, sannan wata safiya Yaba ta ce kafinta ya gyara mata rufi, ta kwashe tukwanenta ta koma. Da ƙosan nan aka rene mu. Da ubana ya dawo bayan shekaru, a rame, gemu ya yi fari, ya tarar da mu a raye da gidansa a tsaye. Tsakanin matan nan biyu ban taɓa jin an ta da maganar ba, ko da kalma ɗaya. Amma ranar da Yaba ta rasu, Mma ce ta yi mata wanka, ta ce ba mai taɓa ta sai ita.

Yanzu a dubi gidan nan. Ɗakunan sun sake cika, sun ma fi da, amma kowace ƙofa a rufe take da labule a bayanta. Kowa da tukunyar gas ɗinsa a ƙuryar ɗaki, kowa da laita. Turmi ya yi shiru, inji ke niƙa. Wanda ya ji yunwa ya latsa waya, ɗan babur ya kawo masa a leda, ya karɓa a bakin ƙofa ko sunansa bai tambaya ba. Ban ce sauƙi ba shi da daɗi ba, ni ma bayana ya huta da tara ruwa. Amma ba mai bukatar taka ƙofar wani, don haka ba mai sanin abin da ke bayan ƙofar wani. Yara suna ce mini yanzu komai ana get. Ƙarya ne. Mai abu a aljihu shi ke get. Yunwa ba ta bar Zongo ba, ɗaki kawai ta samu mai sakata, kuma masu kunya irin uwata ba su ƙare ba.

Shi ya sa na ƙi rabuwa da kurfotina, ɗan murhun ƙarfe na gawayi, shi ya sa kuma kowace safiya nake ɗaukar murfin gwangwani in bi ƙofofi ina sallama ina neman wuta. Na san gas gare su. Su ma sun san na sani. Wata ta ba ni ashana, wata ta kunna mini takarda, wata ta yi tsaki a ciki tana zaton kunnena ya mutu. Ni dai a buɗe ƙofar nake so, in ga ido, in shaƙi ɗakin, in ji ko an ɗora wani abu. Sai magana ta fara yawo. Wasu suka ce Hajiya ta fara rikicewa. Wasu suka ce ɗanta na hawan mota, uwarsa na bara a gidan haya. Wannan ta biyun ce ta isa Buokrom, ta kuma yi masa zafi, ya aiko cewa ranar Asabar zai zo da motar kaya.

A duk gidan mutum ɗaya ne yake ba ni wuta ta gaske. Wani dattijo ne a ɗakin ƙarshe, kusa da makewayi, mutumin Nijar, ya yi gadi a wajen Sofoline har ƙarfinsa ya ƙare. Ba mata, ba ɗa a garin nan. Baba mai shayi ake ce masa, don bayan sallar asuba yakan hura ɗan murhunsa na waya a bakin ƙofa ya ɗora 'yar butar shayi. A makon nan na fito ban ji ƙamshin shayi ba. Na yi sallama, ya amsa daga ciki, "Lafiya lau, Hajiya, sanyi ne." Na ajiye masa koko a bakin ƙofa, na dawo na tarar ƙuda na bi, ya ce ya riga ya karya. Na san irin wannan amsa, a kanta na girma. Amma ni mace ce, ba zan tura ƙofar namiji in shiga ba. Na tare wani saurayi ɗan haya na ce ya leƙa shi, ya ciro abin kunnensa ya ce yoo, wato to, in ya dawo. Bai leƙa ba.

Asabar da hantsi motar ta tsaya a bakin lungu. Ɗana ya shigo cikin farar shadda, ya durƙusa ya gaishe ni, don ban haifi marar kunya ba. Ya same ni zaune gaban kurfoti, na zuba gawayi ban kunna ba.

"Mma, ina kaya? Na ce a ɗaure tun jiya."

"Ban karya ba tukuna. Ba na tafiya da yunwa."

"Za mu saya a hanya. Mma, wannan abu shina ba ni kunya paa. Mutane suna cewa na bar ki kina roƙon wuta ƙofa ƙofa. Mi ne ne ban get miki ba? Ki faɗa, yau yau zan kawo."

Na miƙa masa murfin gwangwani. "Je ka ɗakin ƙarshe, wurin Baba mai shayi, ka ɗebo mini wuta."

Ya dubi murfin, ya dube ni, ya sa hannu a aljihu. "Ga laita, Mma."

"Mai da abinka. Ɗebowa na ce."

"Ni? Da girma na, a gaban 'yan haya?"

"Kai, da girmanka. Ni ma da nawa nake yi. Ka yi sallama, ka gaishe shi da kwana. In ya ce maka lafiya lau daga ciki, kada ka juyo, ka tura ƙofar ka shiga. In ka kawo mini garwashi daga ɗakin nan, na dafa na sha, in hau motarka ba gardama."

Da ya ji haka sai ya karɓa. Yana ganin ya ci kasuwa da araha. Na bi shi da kallo yana ratsa tsakar gidan kakansa, yana ɗage shadda kada ta taɓa ruwan wanki, da murfin gwangwani a hannu kamar an ba shi riƙon kunama. Labulaye suka fara motsi. Ya tsaya a ƙofar ya daɗe, ina jin ya manta yadda ake fara neman abu a wurin wanda bai fi shi ba. Sannan na ji sallamarsa. Na ji ya sake. Na ji ƙarar ƙofa.

Abin da na ji bayan wannan shi ne murfin gwangwani ya faɗi a siminti, sai muryar ɗana, ba irin wadda yake ciniki da ita ba, irin wadda yake kirana da ita yana yaro in ya yi mafarki. "Mma! Mma, ku zo!" Ya fito ɗauke da dattijon a hannu biyu, ba nauyi ko kaɗan, kai na lilo, leɓe ya tsattsage, shaddar nan fara duk ta ɓaci. Sai ga ƙofofi na buɗuwa, sai ga salati, sai ga masu cewa ai jiya ma sun yi niyyar leƙawa. Jikata ta shimfiɗa katifata a bayan motar da aka kawo don kayana, aka kwantar da shi, ɗana ya ja suka tafi asibiti.

Bayan azahar ya kira waya, jikata ta kara mini a kunne.

"Mma, sun sa mishi ruwa, ya buɗe ido. Likita ya ce zazzaɓin ba shi da yawa. Ya ce yunwa ce." "Yunwa, Mma. A gidan mu. Ni ina wucewa ƙofan shi duk sanda na zo gaishe ki."

"Na sani."

"Mi zan get mishi?"

Na ce ba abin da zai get. Na ce ya ja kujera ya zauna kusa da gadon, in mutumin ya samu bakin magana ya gaishe shi da jiki, ya tambaye shi sunan garinsu da sunan ubansa, kuma kada ya kuskura ya nuna masa ya san yunwa ce. Na ce ya gaya masa tun da ya kwanta ban sha shayi mai kyau ba, ina jiransa.

"To maganan Buokrom fa, Mma?" Ya faɗe ta a hankali, don shi ma ya san amsar.

Na ce, "Ka kawo garwashin?"

Na miƙa wa jikata wayarta, na ce ta ɗauko murfin gwangwanin daga inda ubanta ya yar, ta bi ƙofofin da ke buɗe tun ba a mai da sakata ba. Akwai kunun mara lafiya da za a dama kafin la'asar, ni kuwa har yanzu ban karya ba.